Malafa a Zauren Majalisa: Rayuwar Tai Chen-yao da Gwagwarmayar Manoman Taiwan

A kudancin tsibirin Taiwan, arewa kaɗan da birnin Kaohsiung, akwai wani gari da ake kira Ciaotou. A nan ne Japanawa, waɗanda suka mallaki tsibirin daga 1895 zuwa 1945, suka kafa masana'antar sukari ta zamani ta farko a Taiwan, ta fara aiki a 1902. Suka shimfiɗa siraran layukan dogo cikin gonaki don jigilar rake, suka raba karkara shiyya-shiyya, kowace shiyya da kamfanin da ya zama dole manomi ya kai wa rakensa. Sikeli na kamfani ne, farashi shi ke yankawa, bashin taki ma shi ke bayarwa, ya cire abinsa kafin manomi ya ga ko sisi. Har mutanen tsibirin suka yi karin magana a kai, wai babu wawa kamar wanda ya shuka rake ya kai wa kamfani ya auna. A 1925 manoman rake na garin Erlin suka yi bore a kan wannan sikeli da wannan farashi, aka kame da yawa daga cikinsu. Shekara guda bayan haka wani malamin makaranta mai suna Chien Chi ya jagoranci kafa ƙungiyar manoman Taiwan a Fengshan, ba nisa da Ciaotou. Ba ta yi dogon kwana ba, Japanawa suka murƙushe ta.

A wannan gari na rake aka haifi Tai Chen-yao ranar 2 ga Afrilu, 1948. Ya zo duniya a tsakanin masifu biyu. Shekara guda kafin haihuwarsa, a Fabrairu da Maris na 1947, sojojin jam'iyyar Kuomintang, wadda ta karɓi tsibirin daga hannun Japan, suka kashe dubban 'yan Taiwan bayan wata tarzoma da ta tashi a Taipei. Shekara guda bayan haihuwarsa kuma, a 1949, aka ɗora wa tsibirin dokar soja, Chiang Kai-shek, jagoran Kuomintang, ya sha kashi a hannun 'yan kwaminis a babban yankin Sin, ya tsallako da gwamnatinsa da sojojinsa da majalisarsa. Wannan doka ba a ɗage ta ba sai ranar 15 ga Yuli, 1987. Ke nan Tai ya yi ƙuruciya, ya yi samartaka, ya kusa cika arba'in, bai taɓa kwana ɗaya a ƙasar da za a iya kafa jam'iyyar adawa ko a fita zanga-zanga ba tare da an shirya zaman kurkuku ba.

Adalci ya sa a faɗa cewa sabuwar gwamnatin ta fara yi wa manoma wani abin kirki. Ta ga yadda rikicin gona ya ci ta a Sin, ba ta so a maimaita. A 1949 ta ƙayyade gallar da mai gona zai karɓa daga wanda ke noma masa, kada ta wuce kashi 37.5 cikin 100 na amfanin gona. A 1951 ta fara sayar wa manoma gonakin hukuma. A 1953 ta tilasta wa manyan masu ƙasa su saki abin da ya haura musu wajen hekta uku na fadamar shinkafa, aka biya su da takardun lamuni da hannun jari a kamfanonin gwamnati, manomi kuma ya biya kuɗin gonarsa a hankali cikin shekara goma. Dubban ɗaruruwan iyalai suka mallaki gona a karon farko. Wannan gyara na gaske ne, kuma har yau masana tattalin arziki na kafa misali da shi.

Amma abin da aka bayar ta ƙofa an riƙa ɗauke shi ta taga. Takin zamani ya koma hannun gwamnati ita kaɗai, kuma ba da kuɗi take sayarwa ba, musaya take yi da shinkafa. A shekarun 1950 manomi kan ba da kusan kilo ɗaya na shanshera ya karɓi kilo ɗaya na taki, alhali a kasuwar duniya takin bai kai wannan daraja ba ko kusa. Harajin gona da shinkafa ake biya. Bayan haraji akwai wani kaso da dole a sayar wa hukuma a farashin da ya gaza na kasuwa. Ga kuɗin ruwa da ƙungiyoyin ban ruwa ke karɓa kowace shekara. Da wannan shinkafa mai araha aka ciyar da sojoji da ma'aikata, aka danne farashin abinci a birane don albashin 'yan masana'anta ya tsaya ƙasa, kayan Taiwan su yi arha a kasuwannin waje. Wanda ya san yadda hukumar sayen gyaɗa ta riƙa yanka wa manoman Kano da Katsina farashi, rarar ta tafi wasu ayyuka, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Musayar taki da shinkafa ba a soke ta ba sai 1973. Wani masanin tattalin arzikin noma ɗan Taiwan, Lee Teng-hui, ya rubuta kundin digirinsa na uku a jami'ar Cornell ta Amurka a 1968 a kan wannan batu, ya nuna da alƙaluma yadda dukiya ta daɗe tana malala daga gona zuwa masana'anta. Shi ne zai zama shugaban ƙasa shekara ashirin bayan nan.

To manomi wa zai kai wa kuka? Akwai ƙungiyar manoma a kowace gunduma, tana ba da bashi, tana raba iri da taki, amma babban manajanta sai wanda hukuma ta tace ta amince da shi, kuma a lokacin zaɓe ƙungiyar kan zama injin tara wa Kuomintang ƙuri'a. Majalisar dokoki kuwa, mafi yawan kujerunta na mutanen da aka zaɓa a Sin ne tun 1948, suna wakiltar larduna da ba su sake gani ba, ba a kuma sake zaɓensu ba, sai tsufa suke yi a kan kujera. Sannan ga matsalar harshe, wadda a ganina ita ce ta fi ciwo. Yawancin manoman tsibirin harshen Hokkien suke yi, wanda su da kansu ke kira harshen Taiwan, wasu kuma Hakka. Gwamnati ta ce Sinancin Mandarin ne harshen ƙasa. Yaron da ya yi harshen uwarsa a makaranta ana cin sa tara ko a rataya masa allo a wuya. A 1976 doka ta rage lokacin da rediyo da talabijin za su ba harsunan gida. Dattijon da ya yi rayuwarsa a fadama, in ya shiga ofis, sai ya koma kamar baƙo a ƙasar da yake ciyarwa.

Siyasa ta iske Tai har gida. A Janairun 1979 aka kama Yu Teng-fa, tsohon shugaban gundumar Kaohsiung kuma dattijon da mutanen yankin ke ji da shi, bisa zargin haɗa baki da 'yan kwaminis. Washegari, ranar 22 ga wata, 'yan adawa suka yi tattaki a titunan Ciaotou ɗauke da kyallayen neman a sake shi. Ba su da yawa, amma wannan ne karon farko cikin shekara talatin da aka fito fili aka yi zanga-zangar siyasa a ƙarƙashin dokar soja. Kafin shekarar ta ƙare, ranar 10 ga Disamba, mutanen mujallar adawa mai suna Formosa suka kira taron ranar 'yancin ɗan Adam a Kaohsiung, aka yi arangama da 'yan sanda, gwamnati ta samu hujjar da take nema ta kwashe kusan duk jagororin adawa. Takwas daga cikinsu kotun soja ta yi musu shari'a, ciki har da Shih Ming-teh, da Annette Lu wadda daga baya ta zama mataimakiyar shugaban ƙasa, da Chen Chu wadda ta zama magajiyar garin Kaohsiung. Sunayen waɗannan su duniya ta sani. Akwai kuma wasu fiye da talatin da aka kai kotunan farar hula, ƙananan mutane, direbobi da 'yan kasuwa da marubuta da 'yan karkara. Tai Chen-yao na cikinsu. Aka yanke masa shekara uku.

Da ya fito, bai nufi Taipei neman suna ba, ƙauye ya koma. Wannan zaɓi shi ne ya bambanta shi da yawancin abokan ɗaurinsa. 'Yan adawar wancan lokaci lauyoyi ne da likitoci da 'yan jarida, maganarsu tsarin mulki da 'yancin faɗar albarkacin baki. Tai ya lura cewa manomin da ke fama da bashin taki da kuɗin asibiti ba zai bar gonarsa don wata kalma mai girma ba, sai an nuna masa inda siyasa ta taɓa buhunsa. Sai ya shiga shirya zaman karatu da manoma a ƙauyukan gundumar Kaohsiung, ana zama ana lissafi tare: nawa aka kashe a kan taki, nawa aka sayar da amfani, wa ya ci ribar da ke tsakani, wace doka ce ta ba shi dama. Daga irin waɗannan zama ƙungiyar kare haƙƙin manoma ta gundumar ta tsiro, a daidai lokacin da irinta ke tasowa a Yunlin da Taichung da sauran wurare. Aiki ne marar armashi, ba kyamara, ba tafi, sai yawo ƙauye-ƙauye da sauraron ƙorafin da ba ya ƙarewa. Cikin waɗanda suka yi wannan yawo tare da shi akwai wani matashi ɗan Chiayi mai suna Chan I-hua, wanda za mu sake haɗuwa da shi.

Abin da ya hura wutar daga waje ya zo. A 1987 rarar cinikin Taiwan da Amurka ta kai wajen dala biliyan 16, Washington ta matsa lamba a buɗe kasuwa. Gwamnati, don ta kare masana'antun da ke sayar wa Amurka takalma da kayan lantarki, sai ta ba da kai ta ɓangaren noma: aka bar 'ya'yan itatuwa da naman talotalo na Amurka suka kwararo, farashin lemo da kaji ya faɗi warwas. Manomi ya ga an sake yin ciniki da guminsa ba a tambaye shi ba. A Disambar 1987 masu gonakin 'ya'yan itatuwa suka yi dafifi a ƙofar majalisa. A Maris da Afrilun 1988 aka sake fitowa, har da injinan huɗa a titunan Taipei.

Sai ranar 20 ga Mayu, 1988. Ƙungiyar manoman Yunlin ƙarƙashin Lin Kuo-hua ta kira tattaki, dubban manoma suka cika Taipei da buƙatu bakwai: inshorar lafiya ga dukkan manoma da iyalansu, sassauci a harkar taki, ƙarin shinkafar da gwamnati ke saye a farashi mai tabbas, soke tace manajojin ƙungiyar manoma, gyara ƙungiyoyin ban ruwa, kafa cikakkiyar ma'aikatar noma, da ba manomi 'yancin yin yadda ya so da gonarsa. Duk mai karanta waɗannan buƙatu zai ga ba na masu neman juyin mulki ba ne, na mutanen da suka gaji ne. Da rana rikici ya ɓarke a ƙofar majalisa, aka fara jifa da duka, masu zanga-zanga suka ciro allon sunan majalisar suka yar. 'Yan sandan kwantar da tarzoma suka fito da kulake da motocin feshin ruwa, aka kwana ana fafatawa har gari ya waye. Ɗaliban jami'a da suka zauna a tsakiyar titi don raba faɗa su ma suka sha duka. An kama mutum fiye da 130, aka gurfanar da 96, Lin Kuo-hua ya ji rauni kuma ya tafi kurkuku. Hukuma ta ce manoman sun zo da shirin tarzoma, wai sun ɓoye duwatsu a ƙarƙashin kayan lambu a cikin wata babbar mota. Wasu malaman jami'a suka bi diddigin zargin, suka fitar da rahoto da ya nuna bai tsaya da ƙafarsa ba.

Ba a taɓa ganin arangama irin wannan a Taipei ba tun 1947, kuma ta faru ne wata huɗu bayan Lee Teng-hui ya gaji Chiang Ching-kuo a kujerar shugaban ƙasa. Mutumin da ya fi kowa sanin abin da aka yi wa manoma a kan takarda, shi ne ke kan mulki ranar da aka fasa musu kai a titi. Ban ce shi ya ba da umarni ba, domin a lokacin ikonsa a kan sojoji da jami'an tsaro bai kafu ba. Amma sani kaɗai bai kare manomi ba, sai da manomin ya zo da ƙafarsa. Cikin wata goma sha huɗu, a Yulin 1989, inshorar lafiyar manoma ta zama doka ta game kowa.

Shekarar 1989 ta yi wa Tai nauyi. A Afrilu ɗan jarida Cheng Nan-jung ya cinna wa kansa wuta a ofishin mujallarsa don kada 'yan sanda su kama shi a kan abin da ya buga. Ranar 19 ga Mayu, da masu rakiyar gawarsa suka isa gaban fadar shugaban ƙasa aka tare su da waya mai ƙaya, Chan I-hua ya cinna wa kansa wuta ya faɗa kan wayar. Yana da shekara talatin da 'yan kai. Ba lauya ba ne, ba marubuci ba, mutum ne mai ɗaukar lasifika da raba takardu, wanda ya zauna da manoman tsaunukan Kaohsiung yana taya su fafutuka. Sunansa bai yi amo kamar na Cheng ba, kuma Tai na cikin 'yan kaɗan da suka yi ta tunatar da jama'a shi har ƙarshen rayuwarsu.

A Disambar wannan shekara aka yi zaɓen cike wasu kujerun majalisa. Tsarin lokacin ya ware kujeru ga sana'o'i, manoma da masunta da ma'aikata da 'yan kasuwa, kuma kujerun manoma an ɗauke su tamkar gadon Kuomintang, tunda ƙungiyoyin manoma a hannunta suke. Tai ya tsaya a tutar jam'iyyar adawa ta DPP, wadda aka kafa a 1986 tun dokar soja na aiki, ya kuma ci. Waɗancan zaman lissafi na ƙauye sun yi rana.

A farkon 1990 ya shiga zauren majalisa da malafar manoma a kansa, irin wadda ake saƙawa da gora da ganye don tare rana a fadama. Kuma da ya tashi yi wa gwamnati tambayoyi, da harshen Taiwan ya yi. A gabansa akwai tsofaffin da aka zaɓa a Sin shekara arba'in da biyu da suka wuce, da ministocin da da yawansu ba sa jin harshen mafi yawan mutanen da suke mulka. Daga tsakiyar shekarar ma firaminista janar ne na soja, Hau Pei-tsun, haifaffen lardin Jiangsu. Masu suka sun ce wasan kwaikwayo ne, tunda Tai na jin Mandarin. Ni ban ga wasa a ciki ba. Wakili ne na mutanen da ke bin zaman majalisa a rediyo da talabijin ba sa fahimtar rabin abin da ake faɗa a kansu, kuma yana da hakkin ya yi maganar da waɗanda suka aiko shi za su ji. In minista bai gane ba, to a ranar ya ɗanɗana abin da dattijon ƙauye ke sha a kowane ofis tun 1945. Majalisar ta wancan zamani wurin hayaniya ce, har da ba hamata iska, domin 'yan adawa tsiraru ne a gaban kujerun da ba zaɓe ke kawar da su ba. Sai da ɗalibai suka yi zaman dirshan a Taipei a Maris 1990, kotun tsarin mulki ta yanke hukunci, tsofaffin suka sauka a ƙarshen 1991, aka zaɓi sabuwar majalisa gaba ɗaya a 1992.

Tai ya yi wa'adi uku, daga 1990 zuwa 1996, sannan daga 1999 zuwa 2002. Malafa ce mutane suka riƙe, amma aikin da ya shiga aljihun manoma ba shi da hoto mai kyau. Ya dage a kan kuɗin ruwa, har gwamnati ta ɗauke wa manoma nauyinsa a shekarun 1990. Ya dage a kan cewa manomin da ya tsufa ya cancanci abin da ma'aikacin gwamnati da soja ke samu, tunda da shinkafarsa aka biya su albashi shekara da shekaru. A 1995 aka kafa alawus na tsofaffin manoma, dalar Taiwan 3,000 kowane wata ga wanda ya kai shekara 65, kuma tun daga nan an yi ta ƙara shi har ya ninka fiye da sau biyu. Ba shi kaɗai ya yi ba, kuma gasar neman ƙuri'ar karkara tsakanin jam'iyyun biyu ta taimaka ƙwarai. Amma gasar kanta ba ta samu ba sai da aka nuna cewa ƙuri'ar manomi na iya sauya gida.

Sashe mafi wuya a rayuwarsa, a ganina, shi ne bayan nasara. A 2000 Chen Shui-bian, ɗaya daga cikin lauyoyin da suka kare fursunonin Kaohsiung, ya zama shugaban ƙasa, Tai kuma daga baya ya zama mataimakin shugaban hukumar noma ta ƙasa. Wanda ya saba tsayawa a waje yana buga ƙofa, yanzu shi ake buga wa. Ranar 1 ga Janairu, 2002 Taiwan ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, ta buɗe kasuwar shinkafarta ga ta waje, buɗewar da ta fi wadda ta fitar da manoma titi a 1988 girma nesa ba kusa ba. A Nuwambar wannan shekara manoma da masunta fiye da 100,000 suka yi tattaki a Taipei, wannan karon a kan gwamnatin DPP, saboda shirinta na taɓa sassan bashi na ƙungiyoyinsu, har ministan kuɗi da shugaban hukumar noma suka ajiye aiki. A 2003 da 2004 wani matashi ɗan Changhua, Yang Ju-men, ya riƙa ajiye ƙananan bama-bamai haɗe da shinkafa a Taipei don jawo hankali ga halin manoma. Duk wannan ya faru ne jam'iyyar Tai na kan mulki. Ƙaramin tsibiri da ke rayuwa da sayar wa duniya kayan masana'anta, wanda ƙasashe ƙalilan ne suka amince da shi a hukumance, ba shi da ƙarfin rufe ƙofarsa, kuma babu mataimakin shugaban hukuma da zai iya sauya wannan. Abin da ya rage masa shi ne rage raɗaɗi, kuma mutumin da ya yi shekara uku a kurkuku don manyan buri ya san bambancin wannan da abin da ya fita nema.

Ko buƙatun da aka biya ma ba duka suka haifar da ɗa mai ido ba. A 2000 aka gyara dokar noma, aka ba kowa damar sayen gona ko da ba manomi ba ne. Tsohon da 'ya'yansa suka tafi birni ya samu mai saye da farashi mai kyau, wannan gaskiya ne. Amma a wurare irin su Yilan sai manyan gidajen masu kuɗi suka tsiro a tsakiyar fadamun shinkafa da sunan gidajen gona, farashin ƙasa ya haura abin da matashin da ke son noma zai iya biya. Manoman 1988 sun nemi 'yanci a kan gonarsu saboda gonar ta daina ciyar da su, kuma sayar da ita bai warware dalilin da ya sa ta daina ba.

Tai Chen-yao ya rasu ranar 18 ga Nuwamba, 2017 a Kaohsiung, bayan fama da ciwon daji, yana da shekara 69. Kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa Shugaba Tsai Ing-wen ta ba shi lambar girmamawa ta ƙasa. Bai ga dokar da ta fara aiki a 2019 ba, wadda ta amince da harshen Taiwan da Hakka da harsunan 'yan asalin tsibirin a matsayin harsunan ƙasa, ko da yake har a 2021 sai da aka yi cacar baki a majalisa lokacin da wani matashin ɗan majalisa ya yi wa ministan tsaro tambaya da harshen Taiwan. Cikakkiyar ma'aikatar noma kuwa, wadda manoma suka sha kulki a kanta a 1988, ba a kafa ta ba sai ranar 1 ga Agusta, 2023. Ta tarar da tsibirin da yawancin manomansa sun tsufa, wanda abin da yake nomawa da kansa bai wuce wajen kashi 30 cikin 100 na abincin da jama'arsa ke ci ba.